Sandar Milimita 12 da ta Kusa Cinye Mana Furojet

Kawuna kafinta ne a Birnin Kudu, kuma a shagonsa nake yin kowane dogon hutu tun ina sakandare, in na taso daga gida Gwaram. Aikin da ya fi kawo masa kuɗi shi ne gadon amare da ƙofofi, musamman bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da bukukuwa ke kankama. Abin da ke cinye masa lokaci kuwa shi ne ado: dagi a fuskar gado, fure a murfin wadirof. Duk da hannu yake sassaƙawa, fuskar gado ɗaya sai ta ci masa yini biyu. Saboda haka da aka ce mu kawo taken furojet, ban yi dogon tunani ba. Na ce wa 'yan rukuninmu mu haɗa injin sassaƙa katako mai aiki da kwamfuta, wato CNC, in mun gama difens mu kai shi shagon Kawu a ga ko zai ci kasuwa. Mu biyar ne, kowa ya kawo abin da ya samu, wani ma sai da ya sayar da tsohuwar wayarsa.

Ga wanda ba ɗan sashen injiniya ba, injin ba wani abin tsoro ba ne. Rauta ce ta kafintoci, mai juya ɗan ƙaramin bakin yanka da gudu, aka ɗaure ta a kan wani keke, kwamfuta kuma tana tura keken hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa. Waɗannan hanyoyi uku su ne X da Y da Z. Kwamfutar ma ɗan allon Arduino ne da manhajar GRBL wadda kyauta ce, sai motoci uku irin NEMA 23. A nan hankalin kowa ke tafiya, don shi ne ɓangaren da ke burge mutane a ranar difens. Sandunan ƙarfen da keken ke zamewa a kansu kuwa, ba wanda ke tsayawa ya yi musu lissafi. Mu ma ba mu yi ba. Mun ga hoton wani inji a intanet da sanduna masu ƙyalli, muka yi odar guda biyu masu kaurin milimita 12, da boris ɗinsu LM12UU, muka ɗaura su a gadar injin da tazarar milimita 800 tsakanin wurin ɗauri da wurin ɗauri, don faɗin ƙofa muke hari.

Ranar gwajin farko a shagon Kawu muka yi, da janareta, yaran unguwa sun cika bakin ƙofa. Dagin ya fito, amma a tsakiyar allon ya yi zurfi, a gefe kuma da ƙyar bakin ya taɓa katakon. Da'irar da muka zana ta koma ƙwai. Gefen yankan duk ya yi kaushi kamar ɓera ya ɗan gaigaye shi. Kawu bai ce komai ba, ya zo ya ɗora ɗan yatsa a kan rautar ya danna, sai ga ta tana rausaya kamar reshen zogale. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan ƙarfen naka ai ya yi sirara. Ko ni da ban yi boko ba na san ba a ɗora jinka a kan karan dawa." Na yi ta kame-kame cewa saitin manhaja ne. Ba saiti ba ne.

Da muka koma makaranta na kai wa malamin da ke duba aikinmu kuka. Bai ko kalli hotunan ba, ya tambaye ni, "Lissafin lanƙwasar sandar fa, ina yake?" Na ce, "Malam, ai ƙarfe ne mai tauri, an gasa shi." Ya ce in je in buɗe littafin darasin ƙarfin kayan aiki na shekarar da ta wuce, in dawo. Abin kunyar shi ne na ci wannan kwas ɗin da maki mai kyau.

Ga lissafin, kuma shi ne zuciyar maganar. Sandar da aka tallafe ta a bakinta biyu, aka ɗora mata nauyi a tsakiya, lanƙwasarta ita ce F × L³ ÷ (48 × E × I). F shi ne nauyin, L tsawon da ke tsakanin matallafan biyu, E kuma gwargwadon yadda jinsin ƙarfen ke ƙin lanƙwasa, wanda ga baƙin ƙarfe yake wajen 200,000 N/mm². I kuwa na siffar sandar ne, ga mulmulalliyar sanda shi ne π × d⁴ ÷ 64, inda d yake nufin kauri. Ko ka manta komai, riƙe lambobin nan biyu da ke sama: 3 a kan tsawo, 4 a kan kauri. Ka ninka tsawo sau biyu, lanƙwasa ta ninku sau 8. Ka ninka kauri sau biyu, lanƙwasa ta ragu sau 16.

Bari mu sa namu. Rautar kanta ta kusa kilo 2, ga motar Z, ga faranti da boris da notuna, ga kuma turjiyar da katako ke yi idan baki ya shige shi. Mu ce kowace sanda tana ɗaukar niwton 50, wato kamar kilo 5. A tsawon milimita 800, sanda mai kauri 12 za ta lanƙwasa da milimita 2.6. Mai kauri 16 za ta yi 0.83, mai 20 ta yi 0.34, mai 25 kuma 0.14. Mai kauri 8, irin wadda ake cirowa daga matacciyar firinta, lissafi ya ba ta sama da milimita 13, wato ba ma a maganarta. Dubi tsakanin 12 da 16: milimita huɗu kacal, a ido ba wani bambanci, amma ƙarfin ya haura ninki uku. Mai sayar da ƙarfe zai ce maka, "Ai duk ɗaya ne, ɗauki wannan ya fi sauƙi." Shi kilo yake sayarwa, kai kuma d⁴ kake saya.

Wani zai ce ai mu mun matse bakin sandar da noti, ba ajiye ta kawai muka yi ba. Gaskiya ne, in an damƙe baki biyun damƙa ta gaske, 48 ɗin nan yana komawa 192, lanƙwasa ta ragu sau huɗu. Amma damƙa ta gaske tana son jiki mai ƙarfi. Mu a filawud muka ɗaure, shi kansa yana ba da kai idan an matsa masa. Don haka gaskiyar injin gida tana tsakanin lissafin biyu, kuma ni shawarata ka yi aiki da 48. In abin ya zo ya fi haka kyau, riba ce.

Akwai kuma abin da lissafin nan bai nuna ba, wanda shi ya mayar mana da da'ira ƙwai. Bakin yankan ba a kan sandunan yake ba, yana can ƙasa da su, yana reto. Idan katako ya ture shi, sai ya zama kamar mariƙin sifana: sandar sama ta tafi baya, ta ƙasa ta zo gaba, duk keken ya murɗe. 'Yar lanƙwasa a sanda sai ta zama babba a bakin yanka. Mu tazarar milimita 80 muka bari tsakanin sandunan biyu don injin ya yi kyan gani, alhali bakin yana sauka fiye da haka nesa ba kusa ba. Da mun buɗa tazarar, da murɗawar ta ragu ba tare da mun ƙara ko kwabo ba. Haka ma tsakanin boris na gaba da na baya a kan sanda ɗaya: in sun matsu da juna, keken zai riƙa gyaɗa kai.

To, a nan ne muka yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko ciwo don da saninmu muka shiga. Ɗaya daga cikinmu ya ce mu nemo mai kauri 12 ɗin amma ta silba, wai ta fi ƙarfi. Da muka duba, E na ƙarfen da ba ya tsatsa wajen 193,000 ne, ƙasa kaɗan ma da na baƙin ƙarfe. Alminiyam kuwa wajen 70,000, kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gasa ƙarfe ba ya canza E. Sandar da aka gasa ta yi tauri da wadda ba a gasa ba, in kaurinsu ɗaya, lanƙwasarsu ɗaya ce a ƙarƙashin nauyi ɗaya. Bambancinsu sai an matsa sosai: mai laushin ta tanƙware ta zauna a haka, gasasshiyar ta dawo. Daga nan sai muka yanke hukunci da gaggawa cewa tunda haka ne, tauri ba shi da amfani, kauri ne kawai magana. Na hau mota ta Wudil na shiga Kano, na zaga Kofar Ruwa, na samo sanda mai kauri 20, sumul, tana ƙyalli, kuɗinta bai kai rabin na gasasshiya ba. Na dawo ina jin kaina gwani.

Sati biyu injin ya yi lafiya. A na uku ya fara wani gurnani, keken yana tafiya yana cijewa. Muka zare boris, sai ga layuka a jikin sandar tun daga wannan baki har wancan, kamar an ja su da ƙusa. Dalili kuwa a fili yake in ka leƙa cikin LM20UU. 'Yan ƙwallaye ne ƙanana a jere, na ƙarfe mai tsananin tauri, kuma kowace tana taɓa sandar a ɗigo ɗaya tak. Duk nauyin keken yana taruwa a waɗannan 'yan ɗigogi, sai matsin ya fi ƙarfin fatar ƙarfe mai laushi, ƙwallon ya haƙa wa kansa hanya. Da ya haƙa, sai sako-sako ya shigo, saiti ya tafi. Sandar da aka yi don wannan boris ana gasa bayanta har ta kai taurin HRC 60 ko kusa da haka, sannan a goge ta da inji zuwa kauri madaidaici, bambancin bai wuce 'yan ɗigo na milimita ba. Galibi za ka ga an rubuta h6 ko g6 a bayaninta. Ashe tambayoyi biyu ne daban muka cakuɗa. Kauri da tsawo su ke hana lanƙwasa. Taurin fata shi ke hana cinyewa. Dole ka amsa kowace da kanta.

Yadda za ka gane a kasuwa ba wuya, kuma da na sani da ban yi asara ba. Tafi da magagari a aljihu. Goga shi a kusa da bakin sandar, a jikinta ba a fuskar yankan ba, domin gashin a fata yake, cikin yana nan da laushinsa. In magagarin ya zame yana ƙara kamar a kan kwalba, gasasshiya ce. In ya kama ya fitar da gari, ajiye ta. Ƙyalli ba shaida ba ne, akwai sandar da aka yi wa fentin kurom a kan ƙarfe mai laushi, irin ta cikin jak ɗin tifa da na tarakta sau da yawa haka take. Tafi kuma da baniya, ka auna kauri a wuri uku ko huɗu, kana juya sandar. Sannan ka mirgina ta a kan gilashi ko tebur mai santsi: in tana tafiya tana ɗingishi, ko haske yana ɓullowa ta ƙarƙashinta, a karkace take. Rodin gini kuwa kada ma ka fara. Silbar da ake yin ƙofa da matakala da ita, irin 304, ba ta gasuwa da wuta, ita ma boris zai yi mata layi. Akwai silba mai gasuwa, 440C, amma ba ita ce a shagon mai walda ba.

Ba wai sanda mai laushi ba ta da amfani sam. Abin da ba ta jurewa shi ne ƙwallo. Ka sa mata bushin na tagulla ko na roba mai tauri, wanda ke kwanciya a jikinta gaba ɗaya, za ta daɗe, sai dai tana son mai a kai a kai kuma motar za ta ɗan ƙara wahala. Akwai kuma hanyar bututu. Lissafin I yana fifita ƙarfen da ke nesa da tsakiya, don haka bututu mai faɗin 25 da kaurin bango 2 yana da I wajen 9,600, ya ɗara sanda cikakkiya mai kauri 20 da ke da 7,850, alhali nauyinsa bai kai rabin nata ba. A kan wannan dabara wani Ba'amurke, Ryan Zellars, ya gina injinsa MPCNC: bututun da ake zura wayar lantarki a ciki, da boris 608 irin na takalmin taya suna birgima a bayansa. Mutane da yawa a duniya sun haɗa shi a gida. Ga ɗalibin da aljihunsa ya yi ƙasa kuma katako kawai zai sassaƙa, ni ina ganin wannan ta fi sayen siririyar sanda mai tsada.

Amma maganin da ya fi duka, wanda Malam ya bar mu muka wahala kafin ya faɗa, shi ne ka kashe L ɗin gaba ɗaya. Me ya sa za ka bar sanda tana lilo tsawon milimita 800 alhali za ka iya tallafe ta tun daga farko har ƙarshe? Akwai sandar da ke zuwa a kwance a kan gindin alminiyam mai ramukan noti, ana kiranta SBR, akwai SBR16 da SBR20, boris ɗinta a buɗe yake ta ƙasa don ya wuce gindin. In ka ɗaure ta a jikin bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, to bututun ne ke ɗaukar nauyi, sandar aikinta kawai ta nuna hanya. SBR16 biyu muka saya daga ƙarshe don gadar X, da kuɗin da muka sake haɗawa, ni nawa rancen Kawu ne. Gargaɗi ɗaya: SBR tana bin siffar abin da ka ɗaure ta a kai. Bututunmu na farko walda ta ja shi ya ɗan yi baka, sandar ma ta bi shi. Sai da muka sa zare muka ja daga baki zuwa baki, muka riƙa cusa yankan gwangwanin lemo a ƙarƙashi har ta miƙe. A yi walda tukuna, a bar ƙarfe ya huce, a duba, sannan a huda ramuka.

Sandunan 12 ɗin da suka ba mu kunya ba su tafi a banza ba. Gasassu ne na gaske, laifinsu tsawo ne. Muka yanke su da garinda, don zarto ba ya cin su, muka mayar da su Z inda tazarar ba ta wuce milimita 200 ba. Tsawo ya ragu sau huɗu, lanƙwasa ta ragu sau 64: daga 2.6 ta koma 0.04. Sanda ɗaya, ƙarfe ɗaya. Masu kauri 20 ɗin kuma muka juya su inda ba layi, muka huda su tunda masu laushi ne, muka ɗaure su a kan angul ayan a matsayin hanyar Y, boris 608 yana gudu a kansu. In wurin ya cinye, sai a ƙara matse boris ɗin, in ya yi yawa a canza sandar, ba ta da tsada.

Wurin ɗaurawa ma akwai abin lura. Sanduna biyu da ke tafiya tare, in tazararsu ta bambanta ko da rabin milimita tsakanin wannan baki da wancan, keken zai cije a gefe ɗaya, motar ta tsallake taku, zane ya goce. Kada ka dogara da tef. Ɗaure sanda ɗaya tam, ka bar ta biyu sako-sako, ka tura keken zuwa wannan ƙarshe ka ɗan matse, ka tura shi wancan ka ɗan matse, ka yi ta yi har ya riƙa tafiya da turin ɗan yatsa, sannan ka ƙarasa matsewa. Keken da kansa zai jera maka su.

Sai maganar ƙura, wadda masu zane a ƙasashen waje ba su san irin tamu ba. Garin katako, balle na MDF, in ya haɗu da giris sai ya zama kamar tuwo ya toshe ƙwallayen. Ƙurar hunturu kuma yashi ce, goge ƙarfe take yi. Da damina gasasshiyar sanda tana tsatsa cikin 'yan kwanaki in an bar ta a bushe. Abin da muke yi shi ne goge sandunan da tsumma bayan kowane aiki, a shafa mai kaɗan, giris kuma a cikin boris kawai ba a jikin sanda ba, sannan a rufe injin da buhu. Mun kuma yanka tsohon tiyub ɗin babur mun yi wa hanyar Y labule.

Yanzu in za ni haɗa wani, ga yadda zan yi. Zan fara da tambayar girman aikin da zan riƙa yi da gaske, ba wanda nake mafarki ba, don kowane milimita 100 da na ƙara sai na biya shi a kauri. Zan auna nauyin kan injin da sikelin masu nama, in sa a lissafi, in nemi lanƙwasar da ba ta wuce milimita 0.1 ba. Da niwton 50 ɗin nan, mai kauri 16 tana ba ni haka a tsawon 400, mai 20 kuma har wajen 500. Da tsawo ya haura nan, ba zan ƙara neman kauri ba, tallafi zan nema. Mai kauri 8 kuwa a bar wa firintar 3D da injin zane da biro, inda ba abin da ke turjiya.

Mun yi difens da fuskar gado ɗaya da injin ya sassaƙa cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Wani malami ya ɗora yatsa a kan rautar ya danna, daidai yadda Kawu ya yi, bai ji ta motsa ba. Injin yana shagon Birnin Kudu yanzu, ƙanena ne ke kula da kwamfutar, Kawu kuma har yau da hannu yake gyara kusurwoyin dagi, don bakin yanka mulmulalle ne, ba ya fitar da kusurwar ciki mai kaifi. Rancensa saura kaɗan in gama biya. Guntun sandar 20 ɗin mai layuka na bar shi a bita ta sashenmu, yana rataye kusa da allon sifanu. Duk rukunin da ke shirin haɗa CNC ko firinta a bana, ku je ku shafa shi da farce kafin ku tafi Kofar Ruwa.